Baba Tambaya, Maƙerin da Ke Fara Duba Hannu

Da hantsi yake buɗe maƙerarsa, ba ya sammako. Zai kwashe tokar jiya, ya zuba gawayi, ya jera masaba da awartaki kusa da uwar maƙera, sannan ya zauna a kan kututture yana jujjuya guntun tsohon sifirin mota kamar mai zaɓen kankana. Ni tela ne, shagona yana kallon nasa, kuma shekara da shekaru ina leƙensa ta saman keken ɗinki ina mamakin abin da yake nema a jikin ƙarfen nan.

Mutanen layinmu Baba Tambaya suke ce masa, shi ya jawo wa kansa. In ka zo neman wuƙar farauta ba zai nuna maka ko ɗaya ba. Hannunka zai kama, ya buɗe tafin, ya soma: “Da wanne kake yanka? Fiɗa za ka yi ko sara? A ƙugu kake ratayawa ko a jaka? Tafinka yana gumi?” Wani maharbi ya taɓa ƙosawa ya ce, “Baba, wuƙa na zo saye fa, ba auren ’yarka nake nema ba.” Ya ce, “Ai da ’yata ce da tuni mun gama.”

Yana da ra’ayi, ba ya ɓoye shi. Ba ya son doguwar wuƙa. In ka nuna masa tsawon kamu sai ya ce yaƙi za ka tafi? Ya fi son mai ɗan ciki, wadda tsininta ya sunkuyo kaɗan, don kada ta huda hanji wajen fiɗa ta ɓata nama. Ƙotar ƙaho tana da kyau a ido, in ji shi, amma da ta sha jini sai ta koma sabulu, shi ya sa ya fi yarda da ice. Duk da haka in ka nace sai ƙaho, zai yi maka, ya tsattsaga mata zane da magagari yana ƙunƙuni. Na taɓa tambayarsa yadda yake gane lokacin tsoma ƙarfe a mai. Ya ja ni lungun da rana ba ta shiga, ya nuna mini jan ƙarfe ya ce, “Ka ga wannan launin? To ba shi ba ne, na bayansa.” Har yau ban gane ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa labarin Dogo ne. Dogo maharbi ne, da daji yake ciyar da gidansa. Wata shekara bindiga ta fashe a hannunsa na dama, ta tafi da yatsansa manuni da na tsakiya. Rauni ya warke, ya koyi harbi da sauran yatsun, amma wuƙa ta ƙi zama. Abokan farauta suka riƙa yi masa fiɗa, shi yana tsaye yana riƙe ƙafar dabba. Da bakinsa ya gaya mini, “Tausayin nan ya fi ciwon zafi.” Sai ya tattaro wuƙaƙensa ya kawo maƙera, ya ce a ba duk mai so, shi ya bar daji.

Baba bai ba shi haƙuri ba. Ya ɗebo curin yumɓu ya danƙa masa. “Matse, kamar ka kama wuƙa.” Dogo ya ce, “Wasa za ka yi da ni?” Ya ce, “Matse dai, ina so in ga abin da ya rage.” Ya shanya yumɓun, ya zauna yana sassaƙa ice daidai da ramukan da yatsu uku suka bari. Mai ɗakinsa ta ce a kwanakin nan har a kan tabarmar cin abinci yake naɗe yatsunsa biyu da tsumma, yana gwada riƙe cokali, miya na zuba a rigarsa. Ta ce masa, “Malam, lafiya?” Ya ce, “Ina koyon hannun mutum ne.”

Wuƙar farko ba ta yi ba, ta zame ta yanki Dogo a babban yatsa, ya dawo yana faɗa. Baba ya dubi yankan da kyau, ya tambaye shi ta wane gefe ta kuɓuce. Ya rage nauyin bakin, ya ƙara wa ƙotar kumburi a gindi, ya yi gurbin babban yatsa a bayan wuƙar, ya sa baduku ya ɗaura mata madaukin fata da ke zagaye wuyan hannu. Mummuna ce, ni shaida ne, kamar saiwar rogo. Amma ranar da Dogo ya dawo daga daji ya shimfiɗa fatar gada a ƙofar maƙera, babu huda ko ɗaya. Baba ya shafa fatar, ya ɗago ya ce, “Madaukin bai matse ka ba?”

Yanzu kafaɗa ta gaji. Masaba ta yi masa nauyi, ’yarsa ta ce ya isa haka, kuma a ƙarshen watan nan zai kashe wuta.

Baba, kai ne ka ɗauki hannun da mai shi ya fid da rai da shi ka mayar da shi bakin aiki. Ƙarfe mai taurin kai, ka same shi da haƙuri. Ba ka taɓa ce wa mutum “haka ake yi” ka sallame shi ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya sa albarka a sauran kwana.

Mu kuma masu sana’a, tela da kafinta da mai gyaran takalmi, mu rage saurin cewa mun san abin da mutum yake so. Ga masu rataye da wuƙarsa a ƙugu, kada ku jira sai an yi zaman makoki ku zo kuna yabonsa. Ku zo yanzu, yana ji da kunnensa.