Yadda Bina Miyanda Ta Raba Gardamar Kada da Giwa

Gari na wayewa za ka ga Bina Miyanda, wato uwar Miyanda, a bayan gonaki da tsohon buhu, tana tsintar kashin giwa tun yana tururi. In ta kai gida sai ta kwaɓa shi da dakakken barkono, ta buga kamar tubali, ta shanya. Duk ranar da giwaye suka nufo masara, garwashi kawai za a ɗora wa tubali ɗaya, hayaƙin ya bi iska, su juya suna atishawa. Shekara goma sha biyu tana wannan aiki. Idonta kullum jajur, jikokinta kuwa ba sa yarda ta share musu majina.

Ni haƙa rami da kafa dirka ne sana'ata a ƙauyenmu na bakin kogin Zambezi. Ban iya zaman taro ba, amma na yi shi dole a bara, da mutanen gandun daji suka sauke mana naɗin ragar ƙarfe guda ɗaya. Suka ce ko dai mu kewaye mashayar da mata ke ɗiban ruwa saboda kada, ko mu kewaye rumbuna saboda giwa. Ba za ta isa duka biyu ba. In wata ya ƙare ba mu kafa ba, za su kai wa ƙauyen gaba.

Mai gari ya tara maza a gindin tsamiya ya ce abu mai sauƙi ne, a ba wa dabbar da ta fi taurin kai. Nan ya kashe mu. Mijin Bina Miyanda, Ba Sikaale (a wurinmu "Ba" ake sa wa sunan babba don girmamawa), giwa ta taɓa cilla shi kan ƙaya tun yana saurayi, kuma da labarin yake cin abinci har yau. Yayanta, Ba Munsanje masunci, kada ya tafi da rabin sha-raɓarsa. Kowa yana ganin in an ce dabbarsa ce ta biyu, to, shi ma an rage masa girma.

"Suruki, kada fa yana wata shida bai ci komai ba," in ji Ba Munsanje. "Giwarka ta yi wuni ɗaya mu gani."

"Ai shi ya sa ya ci ƙafarka. Sai mai irin wannan yunwa."

"Dutse yake haɗiyewa! Haƙori ya faɗi, wani ya fito!"

"Ta taka shi sau ɗaya, a naɗe shi kamar tabarma."

"Wadda ƙudan zuma ke kora? Ni na ga kada ya cafke hancin giwa da idona."

"Sai kuma me ya faru? Faɗi mana ƙarshen, gurgu!"

Ba Munsanje bai taɓa faɗin ƙarshen ba. Haka aka yi kwana ashirin da shida. Na sare dirkoki arba'in, na feƙe su, gara ta fara ɗanɗana su. Ragar tana jingine da tsamiya, mai gari har ya mayar da ita abin jingina baya.

Ana saura kwana huɗu, Miyanda, babbar 'yar Bina Miyanda da Ba Sikaale, da cikinta wata bakwai, ta sunkuya ɗiban ruwa. Kada ya yi wuf ya fizge bokitin robarta daga hannunta. Ta faɗi zaune a taɓo, aka kawo ta gida ba ta iya magana. Na ce a raina yau dai gardama ta ƙare. Ina! Kawunta ya shigo taro yana ɗingishi da murna.

"Kun ji ko? Har roba ci yake!"

"Kuskure ya yi," in ji ubanta. "Giwa ba ta kuskure." Sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa, amma bai janye ba.

Washegari da hantsi ina zaune can gefe ina wasa adda, na ga Bina Miyanda ta zo ta tsaya nesa da taron. Ta ɗebi toka ta sake ta a hankali, ta ga inda iska ta kai ta. Ta zagaya ta gabas, ta ajiye tubali biyu, ta ɗora garwashi, ta ɗaure hancinta da ɗankwali. Ni na gane. Na matsa bayanta ban ce wa kowa komai ba.

Ba Sikaale yana tsakiyar bayanin kaurin fatar giwa tari ya sarƙe shi. Kafin ka ce kwabo maza ashirin sun watse. Ba Munsanje mai rabin sha-raɓa ya wuce kowa. Mai gari ya yi karo da ragar, ya zauna a ƙasa yana hawaye.

Da hayaƙi ya lafa ta je ta durƙusa gabansa, ta tafa hannu yadda ake gaida manya.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, iska ce ta juya."

Ya buɗe baki, tari ya fito.

"Giwa dai takan tsaya ta yi atishawa uku kafin ta gudu. Jiya na ƙona irin wannan har huɗu a bakin ruwa. Kadan ya hangame baki ya ci gaba da barcinsa. Wanda barkonona ke kora, ku bar ni da shi. Wanda ba ya kora, a ba shi waya."

Mai gari ya ɗaga hannu yana kaɗawa. Ni a ganina ruwa yake nema.

"Ya amince," ta ce da ni. "Ɗauki ragar ta wancan gefen."

Mijinta ya leƙo daga bayan rumbu yana murza ido da hannu, abin da ya ƙara masa azaba. "Bina Miyanda, wato kin bi bayan yayanki? Kin ce kada ya fi?"

"Ban ce komai ba, maigida. Ku ci gaba, tsamiyar tana nan."

Kwana biyu muka yi muna kafa dirka cikin ruwa, ni da masunta uku. Mata suna tsaye a gaɓa suna dukan ruwa da taɓarya don a tsorata abin da ke ƙasa. Ba Sikaale da surukinsa sun zo sun zauna a inuwa suna nuna mana inda ya karkace. Da motar gandun daji ta zo ta tarar da ragar a kafe, direba ya sha ruwa ya juya.

Da muka ɗaure waya ta ƙarshe, matan suka yi cirko-cirko, ba wadda ta yarda ta fara sa ƙafa. Bina Miyanda ta bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya tana jijjigawa. Ta sami guda tana motsi, ta sa na sake buga ta. Gaskiya ce, tana motsi.

Sannan ta kore mu maza can baya. Ina tattara kayan aikina na waiga sau ɗaya. Ta shiga da zaninta har tsakiyar kewayen, ta zauna daɓas, ruwa iya wuya, abin da ba macen da ta yi a ƙauyen nan tun ina yaro. Can bayan ragar ga idanu biyu a saman ruwa. Ta dube su, ta miƙa hannu baya ta ce Miyanda ta miƙo mata sabulu.