Ruwan da Baba Bai Sani Ba

A tashar Argungu, Laure mai albasa tana kallon wani dattijo a kan benci. Gemunsa fari fat, hannuwansa duk kanta. Da gani masunci ne. Ya daɗe yana duban wayarsa, sai ya miƙo mata.

"Ɗiyata Sharifa. Mijinta ya kai ta hutu bakin teku, ƙasar Sifen."

A hoton, ga rana tarwai, ga farin yashi, Sharifa tana dariya, ruwa iya gwiwarta.

"Ta yi kyau, Baba."

Shi kuwa ba fuskar Sharifa yake kallo ba. Yatsansa yana kan igiyar ruwan da ta taso bayanta.

"Ban san halin wanga ruwa ba," ya ce a hankali. "Na gulbinmu na koya mata."