Yaya Refik, Abokin Gardamata

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Refik Delibašić, mijin yayata Subhija, a nan garinmu Zenica, bayan jinyar wata biyu. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Washegari bayan azahar muka sallace shi cikin tsananin sanyi, tsofaffin ma'aikatan masana'antar ƙarfe da makaɗa masu dogon gashi a sahu ɗaya.

Yaya Refik, kowa na da abin da zai faɗa a kanka. Abokan aikinka za su ce shekara talatin ka yi kana tuƙa ƙugiyar ɗaga ƙarfe ba ka taɓa jikkata kowa ba. 'Yan kasuwar Asabar za su tuna teburin da kake baza fayafai da kaset. Ni kuwa abin da ya haɗa mu gardama ce guda ɗaya tak, muka shekara arba'in da huɗu muna yin ta.

Ranar da ka fara zuwa gidanmu neman Subhija, ka shigo da faifan Zlatni Kofer a hammata, ƙungiyar kiɗan rok ɗin nan da a lokacin babu gidan da ba a jin ta. Ni kuma na fara karatun kiɗa, ina ji da kaina. Na yatsina fuska na ce wannan ai kiɗan 'yan biki ne, in ana maganar girma Sivi Snijeg ake nufi, samarin garinmu huɗu da suka fitar da faifai ɗaya suka watse.

"Guda nawa suka sayar?" ka tambaye ni.

"Ba a auna waƙa da sikeli. Duk wanda ya ɗauki jita bayansu, a wurinsu ya koya."

"Guda nawa, Farfesa?"

"Ɗari shida."

"To, naka ɗaya. Sauran danginsu ne suka saya don kunya."

Babanmu ya ajiye cokali ya ce ko mu ci abinci ko mu ba shi wuri. Tun daga ranar sunan Farfesa ya bi ni, har yaran da na koyar a makaranta da shi suke kirana.

Kai hujjarka ba ta taɓa canzawa ba: mutane ba wawaye ba ne, ma'aikaci ba ya ciro guminsa ya sayi abin da bai taɓa zuciyarsa ba. Ni kuma na tsaya a kan cewa babban makaɗi shi ne wanda ya sauya yadda na bayansa ke kiɗa, ko da mutum goma suka ji shi. Mun yi wannan musu a kan gahawa, mun yi shi ranar Salla, mun yi shi a bakin ɗakin haihuwa ranar da aka haifi 'yarka Nermina, har ungozoma ta leƙo ta ce mu rufa mata baki.

Sau ɗaya ka kayar da ni a gaban jama'a. Lokacin yaƙin da aka yi a ƙasarmu ne, wata la'asar, mu kusan talatin a ɗakin ƙarƙashin benenmu, igwa na tashi a waje, yara na ta kuka. Ka hau sama duk da Subhija na riƙe maka riga, ka dawo da batirin motarka da rakoda, ka sa Zlatni Kofer. Kafin baiti na biyu kowa ya ɗauka. Har Goggo Hatidža, tsohuwar da ke ce wa kiɗan rok haushin karnuka, sai ga bakinta yana motsi, ashe ta haddace. Yaran suka yi shiru, sannan suka shiga amshi. Ka matso kusa da kunnena ka ce, "Farfesa, sa naka mu ga wa zai bi." A lokacin ni ma rerawa nake yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne, kuma kunyarsa nake ji har yau. Shekara takwas da suka wuce, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na hango ka da ƙaramar tukunya a jaka, ka nufi wata unguwa da ba taka ba. Na bi ka ina tsokana, ka ce in ina da ƙafa in taho. Muka hau hawa na huɗu na wani tsohon bene, ka ciro makulli daga aljihunka ka buɗe ƙofa. A kan kujera kusa da taga akwai wani tsoho da ɓarin jikinsa ya shanye. Sai da na dube shi sau biyu na gane Slavko ne, mai jitar Sivi Snijeg, mutumin da na shekara talatin da wani abu ina koyar da salonsa a aji. Ban san yana raye ba. Kai kuwa shekara uku ke nan duk Juma'a kana kawo masa miyar wake, ka yi masa aski, ka yanke masa farce.

A kan matakala na tambaye ka, "Yaya, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ai na ga kai tasirinsa kake so," ka ce. "Tasirin kuwa ba ya shan miya."

Ba da zafi ka faɗa ba, har dariya ka yi. Daga wannan makon muka riƙa zuwa tare. Da bazara ta shigo, kai ne ka ce in nemo tsofaffin ɗalibaina da suka zama makaɗa. Mutum goma sha ɗaya suka zo, wasu daga Sarajevo babban birninmu, ɗaya tun daga Graz a ƙasar waje. Muka sauko da Slavko tsakar benen a kan kujerarsa, suka kaɗa masa faifan nan nasa daga farko har ƙarshe, babu wanda ya duba takarda. Hannunsa mai lafiya yana ta motsi a kan gwiwarsa, hawaye na zuba. Na waiwayo na ga kai ma kana share ido da hularka. Da ka lura ina kallonka sai ka gyara murya ka ce, "Duk da haka, ɗari shida ne." Da Slavko ya rasu bayan shekara biyu, kana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa coci.

Ganina da kai na ƙarshe ranar Lahadi ne da rana. Likita ya riga ya yi mana bayani a waje. Na zauna a bakin gadonka, na ga yadda ka rame, sai na ce bari in faranta maka.

"Yaya, na yi tunani. Kai ne da gaskiya. Zlatni Kofer sun fi."

Ka buɗe ido ka harare ni. "Kai, Midhat, me likitan nan ya gaya maka?"

"Babu komai."

"Ƙarya kake. Shekara arba'in da huɗu ba ka sallama ba sai yau? Ba na son sadaka. Zauna sosai ka kare mutanenka."

Haka na zauna na kare su, kai kuma kana tare ni da ɗan numfashin da ya rage maka. Subhija na tsaye a bakin ƙofa, tana kuka tana dariya. Muka yi kusan rabin awa, har barci ya ɗauke ka kana riƙe da hannuna.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Refik. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa miyar da ka ɗauka zuwa hawa na huɗu ta yi nauyi a mizaninka. Allah Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Subhija, da Nermina da ƙanenta Vedad, da jikokinsa biyar, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban teburinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.