Gawon da Baba Ya Wasa wa Gatari

Ɗiyata Rakiya ta zo hutu daga makarantar lise ta Tasawa da wani wasa cikin salularta. An jefa mutum daji shi kaɗai, in bai shuka ya girbe ba yunwa ta kashe shi. Ni da ban wuce aji uku ba a lakwal, sai ga ni na aje tankaɗe ina leƙe ta kafaɗarta. Kuma wallahi waɗanda suka ƙera abin sun san noma. Ruwa ya yi kaɗan, shuka ta tsaya. Ya yi yawa, ta ruɓe. A sa mata taki ta yi sauri, a cunkushe ta kowace ta rame. Har sanyi yana sa ta nawa. Abu guda na ƙi yarda da shi: wai duk abin da aka shuka a gindin itace ba ya girma sai an sare itacen.

"Wane itace?" na ce.

"Inna, itace dai. A nan duk ɗaya suke."

Na ce to ba su san gawo ba, kuma ba su san Kaka Dije ba.

Ita ce ta haifi babanmu. A ƙauyenmu, arewa da Gidan Amumune, in ɗari ya shigo, ana sallame magariba take hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta watsa gujiya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya nuna mata hannunsa ya wanke miyar tuwo. Baba kuwa ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta duban idonsa. In tana son wani abu wurinsa sai ta ce da mu, "Ku ce ma wancan." Shi kuma kullum yana zaune can gindin rumbu, ya ba mu baya, yana tufkar igiya.

A shekarar da nake faɗi tsuntsaye sun ɓata mana hatsi. Baba ya ce gawon tsakiyar gona ne masaukinsu, ga inuwa kamar ta kasuwa, gobe da safe zai kayar da shi. Tun la'asar muke jin kukan gatari a kan dutsen washi. Gawon nan kuwa Kaka ce ta tsare shi tun yana tsiro, ita ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ta ji washin gatarin sarai.

Da muka taru sai ta gyara zama ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga wata nan ta iso, ku ba ta wuri." Muka ce ta shigo. Amma ranar muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, har ƙanwata ta ce, "Kaka, ai ba kurame muke ba."

"Rufe min baki, mai kunnen ƙwarya. Akwai kurame gidan ga."

Wai can da, Hatsi baƙo ne, siriri, ya zo neman masauki wurin itatuwa. Tsamiya ta ce ya zauna, amma ba ta tuɓe rigarta don kowa. Ya zauna cikin duhunta har ya yi fari fat. Kuka ta ce ita cikinta ya cika wurin. Sai Gawo ya ce, "Zo nan, yaro. Ran da ruwa ya sauka zan tuɓe rigata in shimfiɗa maka ka ci, in tsaya tsirara ka ga rana. Ba ni mayar da ita sai ka shiga rumbu." Itatuwa suka yi ta dariya: kowa ya yi ado da damina, shi ya tsaya kamar matacce. Da rani kuma, kowa ya bushe, sai Gawo ya yi kore shar. Bisashe suka zo shan inuwa da cin 'ya'yansa, suka bar kashinsu a wurin, Hatsi ya dawo ya tarar an yi masa tanadi.

"To sai wani mai gona," in ji Kaka, ta ɗan juya kai wajen rumbu, "tsuntsu ya ɓata mai rai, ya rasa wanda za shi kama, ya kama Gawo. Tsuntsaye sunka koma itacen maƙwabci, ba su fasa zuwa ba. Hatsi ya zo ya tarar da kututture, ya ce, ina mai masaukina? Daga ran nan bai ƙara wuce gwiwa ba."

"Kaka, wane ne mai gonar?" na ce.

"Ban san sunanshi ba," ta ce. "Ko na sani, ba ni faɗi."

Igiyar Baba ta tsaya a hannunsa. Ni dai na gani.

Da safe ya saɓa gatari ya fita. Kaka ta ƙi shan fura, ta zauna tana ɓarar gujiya. Wajen hantsi sai ga shi da busasshen reshe guda a kafaɗa. Ya yar da shi a ƙofar ɗakinta ya wuce. Ta dubi reshen, ta dube mu.

"Ku ce ma wancan wannan ba ya kai kwana biyu a wuta."

Da damina Baba da kansa ya kai mu gindin gawon, itacen yana tsaye tsirara, hatsin wurin ya shanye kan mutum.

Na daɗe ina ɗauka darasin na itace ne. Sai da na haifi nawa ɗan fari, bakina ya kasa sunansa, ya girma ina kallonsa ta gefen ido, sannan na gane sauran. Akwai wuri da yawa a gidanmu da namiji zai zauna ya tufka igiya. Baba ya zaɓi gindin rumbu ne don nan kaɗai muryar uwarsa take iske shi.