Jirgin Kyaftin a Ɗakin Ajiya

Kyaftin bai taɓa tuƙa jirgi ba. Direban bas ne a filin jirgin sama, irin wadda ke kwashe fasinja daga ɗakin jira ta kai su gindin matakala. Abokan aikinsa ne suka laƙa masa sunan, don idan jirgi zai tashi sai ya shagala da kallo har na bayansa ya danna masa hon. Shekara da shekaru yana sauke mutane a bakin jirgi, shi kuwa ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalar ba.

Da ya yi ritaya sai zaman gida ya gundure shi. Ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau, ya sake ɗaurawa yana ɗiga. Matarsa ta kai kuka wurin autarsu, autar kuma ta turo mijinta, wani malamin makaranta mai haƙuri. Ya zo da tsohuwar kwamfutarsa, a cikinta akwai manhajar koyon tuƙin jirgi, ya kuma nuna wa surukin nasa a waya bidiyon wasu mutane da suka gina mazaunin matuƙi a cikin ɗakunansu, da sitiyari da maɓallai birjik. Kyaftin ya kalla har wayar ta yi zafi. Washegari ya fara kwashe tarkacen ɗakin ajiya.

Malamin ya gargaɗe shi cewa sabbin kayan sun fi ƙarfin ɗan fansho, gara ya nemi na gwanjo. Ya lissafa masa abin da zai saya, Kyaftin yana gyaɗa kai, amma kafin ya kai bakin titi sunayen sun cakuɗe masa.

A layin masu kayan kwamfuta abin ya ƙara dagulewa. Mai shagon farko ya ce sandar tuƙi ɗaya ta isa, ita ce mai araha. Na kusa da shi ya ce sanda ta jiragen yaƙi ce, dattijo kamarsa sitiyari mai kama da ƙahon sa ya dace da shi, sai dai shi ba ya aiki sai da abin takawa na ƙafa, abin takawar kuma ba ya zuwa sai da hannun totur. Na ukun bai ma saurari bayanin ba, ya ce kwamfutar ce za ta gaza, sai Kyaftin ya fara sayen wani kati da ake sa mata a ciki. Kyaftin ya tsaya tsakiyar layin da hularsa a hannu, ya rasa wanda zai gaskata.

Can a wani lungu ya hango abin da ya gane: sitiyari zagayayye, da fedoji uku a jere, kuloci da birki da totur. Farashinsa ma da sauƙi. Ya tambaya ko yana tuƙa jirgi, mai shagon ya ce duk abin da ke cikin kwamfuta yana tuƙawa.

Kafinta ya haɗa masa tebur da ƙyauren tsohuwar durowa, aka samo kujerar mota a wurin 'yan bola. Malamin ya zo ya jona wayoyi, ya dubi sitiyarin, sannan cikin ladabi ya ce, "Baba, wannan na tseren mota ne."

"To ai shi ma jirgin da taya yake farawa," in ji Kyaftin.

Da taya ya fara, da taya kuma ya ƙare. Jirgi sai an jawo sitiyarinsa zuwa ƙirji yake ɗaga kai, wannan kuwa juyawa kawai ya iya. Kyaftin ya yini yana sheƙa gudu a kan titin jirgi, ya zarce cikin ciyawa, ya koma farko. Matarsa ta leƙo ta tambaya ko sun iso, ya ce ba su tashi ba tukuna.

Mai shagon ya yarda ya karɓi sitiyarin ya ba shi wata sanda da ta sha hannu, amma ya ƙi karɓar fedojin, wai an taka su. Malamin ya ce ba asara ba ce, ya saita su yadda ƙafafun matuƙi ke aiki: kuloci ya zama juyawa hagu, totur ya zama juyawa dama. Gudu kuma ya koma kan maɓallan kwamfuta, tunda hannun totur ya gagari aljihu. A nan kan Kyaftin ya ɗaure sosai. Ƙafar da ta san aikinta tun yana saurayi ba ta jin sabon karatu. Da ya so ƙara wuta sai ta danna totur da kanta, jirgi ya karkata dama ya nufi ɗakin jira. Ya riƙa yi wa ƙafar faɗa kamar wani mutum daban.

Hannuwansa ma ba su isa ba, ɗaya na kan sanda, ɗayan na lalube cikin maɓallai. Wata rana da hantsi matarsa ta shigo neman tsintsiya, ya roƙe ta ta danna masa maɓalli ɗaya ta riƙe. Ta danna tana mita. Ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin kujera don kada su yi masa katsalandan, ya jawo sandar a hankali. Titin ya sulale ƙasa, allon ya cika da gajimare.

Can ta ce, "Maigida, in saki?"

"Kar ki saki."

"To yaya ake sauka?"

Bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba. Ta kira autar a waya da hannu ɗaya, autar ta miƙa wa mijinta, mijin ya amsa cewa shi ma bai taɓa sauka lafiya ba, kashe kwamfutar yake yi idan ya gaji. Kyaftin ya ce shi ba zai kashe jirgi a sama ba. Haka suka yi ta shawagi, shi ya ƙanƙame sanda, ita yatsanta ya sage, har ƙaurin tukunya ya shigo daga kicin. Ta saki maɓallin ta fita da gudu, jirgin ya sunkuyar da kai ya sauka a gonar wani.

Yanzu tashi ba ya ba shi wuya, matuƙar tana kusa. Sauka ce dai sai yadda ta yiwu. Malamin ya ce hannun totur ne matsalar, mai shagon ya ce allon ne ya yi ƙanƙanta, ba ya ganin titin da kyau. Matarsa kuwa ta ce tabarau ya kamata ya sake, ta kuma riga ta yi magana da likitan ido. Kyaftin ya ce zai je, amma sai ya fara biyawa ta layin masu kwamfuta, an ce an kawo sabon gwanjo.