Rabin Karatun Zalɓe

Babanmu mai fito ne. Tun kafin a haife ni yake tsallakar da mutane kogi a kwale-kwale, kuma ko da aka gina gada fasinja suka watse, bai ajiye sandar tuƙi ba. Abin da ya fi ƙona min rai da shi kuwa, zalɓe. Mutumin da bai taɓa sanin ajin da 'ya'yansa suke ba, amma tambaye shi tsuntsayen da ke sheƙa a itatuwan tsallake, yanzu zai gaya maka wace ta ƙyanƙyashe, wane ɗa ne rago.

A wurinsu ya yi karatun tarbiyya. Wai da zarar ɗan zalɓe ya yi fiffike, uwa takan hana shi kifi, yunwa ta koya masa kamun kifi. Haka ya yi wa Yayanmu. Gemu na fara tsiro masa ya ɗaure masa kaya, ya tsallakar da shi da hannunsa, ya juyo ko waiwaye babu. Yaya bai ƙara taka gidanmu ba. Inna ta rasu da sunansa a bakinta.

To, sai ga Autanmu ya dawo daga garejin da yake koyon kanikanci, inji ya murƙushe masa yatsu biyu, maigidansa ya sallame shi. Hannun bai ko warke ba, na zo gida na tarar da jakarsa a bakin ƙofa, shi kuma zaune gefenta kamar baƙo mai jiran mota. Ko ciki ban shiga ba, na nufi bakin kogi ina huci.

Na sami Baba zaune cikin kwale-kwale, ya zuba wa tsibirin yashi ido.

"Baba, sannu da aiki. Jakar Auta na gani a waje."

"Yi a hankali, za ki kore su," in ji shi.

'Ya'yan zalɓe uku ne a bakin ruwan, gashin kansu buzu-buzu, ƙafafu na rawa. Ƙaramin yana bin uwar da baki buɗe yana kuka, ita kuwa sai kau da wuya take. Ya cafki ruwa, ya fito da busasshen ganye.

"Kin gani?" Baba ya ce. "Jibi war haka zai kama kifi. So ne, ba ƙiyayya ba."

Kafin in buɗe baki, gaggafa ta kawo sura. Uwar nan da ke ta shan ƙamshi ta baza fukafukai ta tare gabansa, uban ya faɗo daga kan reshe da wata irin ƙara, har gaggafar ta haƙura ta yi sama.

"Baba, wannan fa? Kifi ta hana shi, amma ko taku ɗaya ta matsa daga kusa da shi? Duk shekarun nan kana kallo, ashe rabin karatun ka ɗauka!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya daɗe yana murza sandar a tafinsa.

"Kina tsammanin don fasinja nake zaman nan?" ya ce. "Ga can inda na sauke Yayanku. In zai dawo, ta nan zai zo."

Maimakon tausayi, sai zuciyata ta ƙara tafasa.

"Ta gada mutane ke dawowa yanzu, Baba. Wanda ka kai tsallake ka rasa shi. Na bakin ƙofa fa, shi ma sai ya ɓace za ka zauna gadinsa?"

Baba ya miƙe. Ya ɗaure kwale-kwalen tun rana ba ta yi sanyi ba, abin da ban taɓa gani ba, ya wuce gabana har gida. Ya sunkuya ya ɗauki jakar Auta, ya buɗe ɗakin Yaya da ya kulle tun rasuwar Inna, ya ajiye ta kan gado.

Auta yana nan, hannu ya warke. Ni dai har yau in na ga zalɓe raina ɓaci yake yi, don da Baba ya kalle su da kyau tun farko, da ɗaki biyu muke sharewa a gidan nan.