Injin Niƙa da Salulata

Duk unguwarmu a Dungas sun ɗauka son mai injin niƙa nake. Allah ya kiyaye! Ƙarar injinsa nake son aunawa.

Shekarar da zan yi jarrabawar bak ce, ta gama sakandare, injin kuma yana jikin katangar ɗakina. In ya tashi, ko sunana ba na tunawa, balle darasi. Na kai kuka wurin mai unguwa, ya ce shi bai ji wata ƙara ba. Tsoho ne, kunne ya yi nauyi. Malaminmu na fizik ya sa mini manhajar auna ƙara a salula, ya ce in ɗaga ta kusa da injin, lamba za ta fito, in kai shaida.

Ina ɗaga salula sai mutumin ya kashe inji, ya kakkaɓe gari daga gemu, ya gyara hula.

"Ƙanwata, ɗauke ni da kyau."

"Malam, kunna injinka!"

"Haba, cikin wannan ƙurar?"

Matan da ke layi suka ɗauki guɗa. Guɗar kaɗai salula ta auna. Nan na yanke: gobe cikin ƙwaryar gero zan tura ta, in rufe da faifai, in bi layi kamar kowa.